Martani: Kafin a Isa Asibiti, Wa Zai Riƙe Ran Wanda Wuta Ta Ja?

Na karanta maƙalar da ta fito a wannan fili makonni biyu da suka wuce, wadda wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kan abin da ya kamata a yi idan wutar lantarki ta ja mutum a wurin aiki. Na karanta ta sau biyu, na ajiye, da niyyar in yi shiru. Bayan kwana uku sai na tarar da yaran wani shagon walda a unguwarmu sun haɗa kai a kan waya suna karanta ta, babbansu yana gaya wa sauran cewa ai ga shi an rubuta, ba ruwansu da taɓa kowa, nasu kawai su nemo adaidaita-sahu. Maganar da ta kai kunnen yaron da ke wuni da wayar walda a hannu ta wuce a bar ta a matsayin ra'ayi. Saboda haka, Malam, ka yi mini uzuri, zan saɓa maka a fili kamar yadda ka yi naka bayanin a fili.

Ga abin da na fahimta daga rubutunka, in na yi maka ƙari ka gyara mini. Ka ce taimakon wanda wuta ta ja aikin likita ne, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne, musamman danna ƙirjin nan da ake koya wa mutane, wanda a ganinka karya haƙarƙari kawai yake yi. Ka ce iyakar abin da ya hau kan abokan aiki shi ne su raba mutum da wuta su garzaya da shi asibiti. Ka ce madarar da ake ɗura wa wanda ya suma da yashin da ake rufa masa, ko ba su amfane shi ba, ba su cutar da shi ba, tunda haka muka taso muka ga ana yi. Daga ƙarshe ka ce koyar da agajin farko a shaguna da masana'antunmu kwaikwayon Turawa ne da bai dace da ƙasar da motar asibiti ba ta zuwa ba, kuma mai taimako ƙarshenta shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

Ni ba likita ba ne. Na yi shekaru ina gyaran injina da aikin wayarin a masana'anta, kafin in koma koya wa matasa sana'a. Daga nan nake magana, kuma zan fara da ba ka haƙƙinka. Ka yi gaskiya da ka ce kada a kai hannu jikin mutum alhali wuta na riƙe da shi. An sha yin jana'izar mutum biyu, na biyun garin ceton na farko ya tafi. Ka yi gaskiya da ka ce zuwa asibiti wajibi ne. Ka kuma yi gaskiya cewa a yawancin garuruwanmu motar ɗaukar marasa lafiya ba ta isowa da wuri, in ma akwai ta. Sai dai wannan gaskiya ta ƙarshe ita ce ta rushe shawararka. Da a ce motar na isowa cikin minti uku da likita a ciki, da sai mu ce jama'a su ja da baya su jira. Tunda ba ta isowa, wanda ya faɗi ba shi da kowa sai wanda ke tsaye a kansa.

Mu fara da abin da wutar ke yi a jiki, domin daga nan duk saɓaninmu ya taso. Wutar da KEDCO ko Kaduna Electric ko NIGELEC ke kawowa gida da shago tana tsakanin bolt 220 da 230. Amma abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta samu hanya ta ratsa jiki, wanda ake aunawa da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Miliamfiya 1 ita ce 'yar tsikarar da kake ji in ka taɓa ƙofar firijin da ke da matsala. In ta kai 10 zuwa 20, tsokar hannu sai ta ƙage, yatsu su damƙe wayar, mutum yana so ya saki ya kasa. Wannan ne muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, ta isa ta rikita zuciya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliamfiya 260. Ke nan abin da bai isa ya haska ɗaki ɗaya ba ya isa ya kashe ƙato.

Katangar da ke tsakanin waya da zuciya ita ce fata. A hunturu, lokacin da fata ta bushe ta yi kaushi, wutar ba ta samun hanya sosai. A watan Afrilu da gumi ke tsiyaya, ko a damina mutum na tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, katangar ta faɗi, sama da miliamfiya 200 na iya ratsa shi. Shi ya sa wayar da ta ɗan ja maigida sau goma ya yi tsaki ya ci gaba da aiki, ita ce za ta kashe yaronsa a karo na goma sha ɗaya. Janareta ma haka, komai ƙanƙantarsa, bolt ɗin da yake bayarwa iri ɗaya ne da na turke.

Ita kanta zuciya da 'yar wutar lantarki take aiki. Akwai wani ɗan gurbi a cikinta da ke ba da umarnin bugawa, kamar mai gangar noma da ke riƙe wa 'yan gayya sara ɗaya. Wutar waje, wadda ke kai da komo sau 50 a kowane sakan, in ta shigo sai ta ruɗa kiɗan, kowace tsoka ta kama nata, zuciya ta koma karkarwa maimakon bugawa, jini ya tsaya. Wani lokaci kuma tsokokin numfashi wutar ke sandararwa, zuciya na bugawa amma iska ba ta shiga. Ko wanne ya faru, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Masana zuciya sun ƙiyasta cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

To, Malam, mu yi lissafi tare. Daga masana'antun Challawa ko Sharaɗa zuwa Asibitin Murtala, ko titi babu kowa, wa zai yi wannan tafiya cikin minti biyar? Ƙara lokacin ihu da salati, da neman abin hawa, da ciccibarsa, da cunkoson hanya. Sannan a cikin adaidaita-sahu a zaune ake jingine shi, kansa ya langaɓe, harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Likitan da kake so mu jira ya ƙware ƙwarai, amma ba shi da ikon dawo da mintunan da suka wuce a hanya. Waɗannan mintuna a hannun abokin aiki suke, ya yi amfani da su ko ya zubar.

Na san haka ne domin na taɓa zubar da su. A shekarata ta biyu da fara aiki, a wata masana'anta da ba sai na ambaci sunanta ba, wani yaro da ke wanke daɓe ya kai hannu zai janye injin tura ruwa. Wayar injin ta ɗan ɓare, ƙasa kuma sharkaf take. Ƙara ɗaya muka ji, muka gan shi ya sandare. Wani mai hankali ya ruga ya kashe babban makunni, yaron ya zube. Daga nan muka yi duk abin da maƙalarka ta halatta. Wani ya tafi sayo madarar gwangwani, wasu suka ja shi zuwa tarin yashin gini, ni kuma na riƙa yi masa fifita da kwali. Mun fi mutum ashirin a kansa, duk muna ƙaunarsa, babu ɗaya da ya san ya duba ko yana numfashi. Da muka isa asibiti likita ya duba idanunsa, ya tambaye mu minti nawa ke nan, ya kuma tambaya ko akwai wanda ya danna masa ƙirji. Muka kalli juna. Yaron bai cika shekara ashirin ba. Ban ce da mun danna lalle da ya rayu ba, rai na hannun Allah. Abin da na ce shi ne akwai dama a hannunmu, rashin sani ya sa ba mu ba shi ita ba.

Ka kira wannan ilimi kwaikwayon Turawa da aka tanadar wa likitoci. Tarihinsa ya nuna akasin haka, domin mutuwar masu hawa falwaya ce ta haife shi. Tun a shekarun 1920 kamfanonin wutar lantarki a Amurka suka damu da yadda ma'aikatansu ke mutuwa nan take bayan wuta ta ja su, suka ba da kuɗin bincike. Wani injiniyan lantarki mai suna William Kouwenhoven, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ya shafe kusan shekara talatin a kan matsalar. Abokin aikinsa Guy Knickerbocker ya lura cewa danna ƙirjin karen da zuciyarsa ta tsaya yana sa jini ya motsa. Su biyu tare da likita James Jude suka bayyana sakamakon a 1960, kuma babban albishir ɗinsu shi ne ba sai an tsaga ƙirji ba, ba sai an jira ɗakin tiyata ba, duk mai hannu biyu zai iya. Ita kanta wutar, da injin walda, da janareta, daga can suka zo mana. Wanda ya karɓi wutar bai kamata ya ƙi ilimin tsira daga gare ta ba.

Kuma ilimin ba shi da yawan da zai gagari kowa. Na farko, kashe wutar. Kowane yaron shago ya san inda babban makunni yake tun ranar da ya fara zuwa, kada a jibge kaya a gabansa, kada a kulle shi maigida ya tafi kasuwa da makulli. In janareta ne a kashe shi. Inda akwai inbata ko sola a tuna cewa ɗauke wutar Nepa bai kashe su ba, kuma faifan sola yana ba da wuta muddin rana na haska shi. In makunni ya yi nisa kuma wutar gida ce, mai ceto ya tsaya a kan busasshen katako ko roba, ya sa busasshiyar sanda ko kujerar roba ya ture wayar, ko ya ture hannun daga jikin injin. Turewa na ce. Makar mutum da taɓarya, kamar yadda wasu ke yi, karaya kawai yake ƙara masa.

Wannan dabarar sanda ta wutar gida ce kaɗai. Manyan wayoyin da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000 hukuncinsu daban. Wutarsu na iya tsallako iska ta kama mutum tun bai taɓa ba, busasshen itace ba ya tare ta, kuma in wayar ta faɗo, ƙasar da ke kewaye da ita na ɗaukar wuta. Birkilan da ya ɗaga rodi a saman bene ya taɓo babbar waya, ko direban tifar da ya ɗaga bodi a ƙarƙashinta, ba a matsa musu. A tsaya nesa da aƙalla mita 10, a hana jama'a matsowa, a kira kamfanin wuta su kashe layin. Direban ya zauna cikin motarsa har a tabbatar an kashe. Wanda ya tsinci kansa kusa da wayar ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi taku mai faɗi. A watan Afrilun 2017, a Kalaba, babbar waya ta faɗo kan rufin wani gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka rasu. A irin wannan wuri ja da baya shi ne taimako. Amma sanin inda za a ja da baya da inda za a matsa, shi ma sai an koya.

Da zarar wuta ta mutu, a durƙusa kusa da shi, a kira sunansa, a girgiza kafaɗarsa. In bai amsa ba a ɗaga haɓarsa, a kalli ƙirjinsa na tsawon sakan 10. A lokacin a nuna mutum ɗaya da yatsa a ce ya kira 112, wani ya nemo motar da za a iya kwantar da mutum a ciki, domin in aka ce "a kira mota" a cikin taro kowa zai zaci wani ya kira. In yana numfashi daidai, a kwantar da shi a gefensa ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. In daga tsani ko rufi ya faɗo, a kula da wuyansa, kada a wujijjiga shi. In ba ya numfashi, ko yana wani kakari ɗaiɗai kamar kifin da aka fitar daga ruwa, wannan ba numfashi ba ne. A shimfiɗe shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tudun tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗayan hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki har ƙirjin ya nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowane sakan. Wanda ya koya, bayan dannawa 30 ya toshe masa hanci ya hura iska sau 2 a bakinsa. Wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa kawai. Aikin na gajiyarwa, don haka a riƙa karɓar juna duk bayan minti biyu. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira CPR, kuma iyakarsa ke nan.

Ka ce yana karya haƙarƙari. Haka ne, yakan faru, har a hannun likitoci. Amma haƙarƙari na ɗinkewa cikin makonni kamar shida, ƙwaƙwalwar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Karin maganar da ka jingina da ita, cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, tana aiki inda zaman bai kashe kowa ba. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya babu abin da mai dannawa zai ƙara masa na sharri, domin in an bar shi ƙarshensa ɗaya ne.

Yanzu ga madara da yashi, waɗanda ka ce ba sa cutarwa. Dukansu a kan zato biyu aka gina su: cewa wuta ta zuƙe wa mutum jini sai an mayar masa, da cewa sauran wutar na maƙale a jikinsa sai ƙasa ta tsotse. Babu ɗaya da yake gaskiya. Wuta ba ta shan jini, kuma jiki ba batir ba ne. Da an raba shi da waya babu sauran wuta a tare da shi, kowa na iya taɓa shi. Cutarwar kuwa a bayyane take. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, madarar da aka ɗura masa huhu take gangarawa ta shaƙe shi, in ya rayu ma ta bar masa ciwon huhu. Yashi yana danne ƙirjin da ke neman ɗagawa, yana cusa datti cikin ƙuna. Babbar ɓarnarsu ita ce lokaci: mintunan da aka yi ana neman mai shago ya buɗe gwangwani su ne ainihin mintunan da ƙwaƙwalwa ke mutuwa. Na san za ka ce ka ga wanda aka rufa wa yashi ya farfaɗo. Ni ma na gani. Wannan zuciyarsa ba ta tsaya ba, da ma zai farfaɗo ko an bar shi a kan tabarma. Waɗanda aka rufa wa yashin ba su tashi ba, mun ce kwanansu ya ƙare, ba mu taɓa tuhumar yashin ba. Iyayenmu sun yi iyakar saninsu da zuciya ɗaya, kuma da sun samu abin da ya fi, da sun kama.

Haka ƙuna. Bayan an tabbatar wuta ta mutu kuma mutum na numfashi, a kwarara ruwa mai tsabta a kan wurin na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da manja, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai. Ƙunar wuta mayaudariya ce: ɗan tabo a tafin hannu, wani a diddige, amma tsakanin su biyun wutar ta dafa nama a ciki. Shi ya sa wanda ya suma ko da na ɗan lokaci, ko ya ƙone, ko yake jin ciwon ƙirji da faɗuwar gaba, ko babbar waya ta ja shi, ko mace mai ciki, dole a kai su asibiti a yi gwajin zuciya na ECG ko sun ce sun warke. In fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayi, alama ce naman da ya lalace na neman toshe ƙoda. A nan ni da kai bakinmu ɗaya. Bambancinmu shi ne ni ina so a kai wa likita mai rai.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta rashin kayan aiki, kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne cewa zuciyar da ke karkarwa, mafi yawan lokaci danna ƙirji kaɗai ba ya dawo da ita kan kiɗanta. Sai an sa na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ba kasafai ake samunta a wuraren aikinmu ba. Amma dannawar ita ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kai ga na'urar, kuma bincike ya nuna tana iya ninka damar tsira sau biyu ko uku. A bayan a-kori-kura ko a cikin bas ana iya ci gaba da ita har ƙofar asibiti. Sannan waɗanda wuta ke ja a wurin aiki yawanci matasa ne masu lafiyayyar zuciya, kuma wasunsu numfashi ne kawai ya ɗauke. Shekaru bayan rasuwar wancan yaro, bayan an koya mana, wani abokin aikinmu ya faɗi a gaban allon makunnai ba ya numfashi. Mu uku muka riƙa karɓar juna, ana dannawa ana hurawa, har ya ja wani dogon numfashi ya fara tari. Ya kwana biyu a asibiti. Yau yana da iyali. In babu na'ura, abin da hankali zai ce shi ne a nemo ta: manyan masana'antu su saya, ƙungiyoyin kasuwa su haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a ofishinsu, domin an ƙera ta yadda za ta riƙa gaya wa mai amfani da ita abin da zai yi. Rashin guga ba ya sa a cike rijiya.

Tsoron 'yan sanda ma gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma wanda ya ɗauko mutum a adaidaita-sahu ya kai asibiti shi ma zai amsa tambayoyi, kuma nasa sun fi nauyi in gawa ya kai. Shawararka ba ta kuɓutar da kowa daga wannan ba. Maganinsa shugabannin ƙungiyoyin sana'a su zauna da jami'an tsaron yankinsu tun kafin abu ya faru, kuma in ya faru shugaba ya bi yaransa ya tsaya musu. A ɓangaren asibiti kuwa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Ya kamata kowane mai shago ya san wannan.

Akwai kuma abin da maƙalarka ta tsallake gaba ɗaya, wato nauyin da ke kan mai wurin aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin agajin farko a masana'anta, da ƙarin akwati ga kowane ƙarin ma'aikata 150, a hannun wani da aka ɗora wa alhakinsa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF saboda irin wannan rana. In aka ce wa jama'a agajin farko ɓata lokaci ne, an sauke wa mai masana'anta nauyin da doka ta ɗora masa, an bar lebura da asara. Rigakafin ma ba shi da tsada: na'urar da masu wayarin ke kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle ta wata hanya, da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, da soket maimakon tsirara biyun waya da ake cusawa da tsinke, da takalmin roba, da rufe injin waldar da aka naɗa da hannu aka bar shi a buɗe. Mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ya tuna cewa akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Wanda ya kiyaye waɗannan bai yi jayayya da ƙaddara ba. Ya yi abin da addini da hankali suka umarce shi, sannan ya dogara ga Allah.

Masu koyarwa kuwa muna da su. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya na da rassa a jihohi, ga 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu da ke kowace unguwa. Ƙungiyar masu walda, ta masu cajin waya, ta teloli, ta masu injin markaɗe, kowacce na iya ware yammacin rana ɗaya. A koya wa mata ma, domin a gidajen kitso da shagunan ɗinki da wuraren markaɗe mace ce za ta faɗi, mace ce kuma ke kusa da ita. In kuwa babu mace a kusa, ceton rai lalura ce, kada kunya ta sa a tsaya kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hannun da bai taɓa gwadawa ba rawa zai yi ranar da ake bukatarsa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda. Amma ƙaramin sanin da ke kashe mana yara shi ne na madara da yashi da taɓarya, kuma maganinsa a ƙara sani. Ranar da na tarar da yaran nan na shagon walda, ban tafi ba sai da na nemi izinin maigidansu. Muka cika buhu da dusar katako muka shimfiɗa a ƙasa, kowannensu ya durƙusa ya danna, sauran na ƙirga masa. Na sa ƙaraminsu ya nuna mini makunni, ya yi ta dube-dube bai gan shi ba, ashe wata tsohuwar ƙofar ƙarfe aka jingine a kansa. Kafin la'asar an ɗauke ƙofar. Duka-duka ba mu yi awa biyu ba.

Malam, alƙalaminka na da masu sauraro, shaida kuwa har shagon walda ya kai. Ina roƙonka ka je inda ake koyar da wannan aiki, ka durƙusa ka ɗora hannunka a kan ƙirjin roba, ka ji yadda yake, sannan ka sake rubutu. In ka dawo da ra'ayinka na farko, zan karanta da girmamawa. Amma ina kyautata zaton za ka rubuta wa yaran nan abin da ni ban samu wanda ya gaya mini ba ranar da na tsaya da kwali a hannu ina fifita. Allah ya tsare mu, ya tsare masu nema da hannunsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.